Lauwali da Gurjin Teku

Na fara ganin Lauwali ranar Talata, 9 ga Janairu 2018, a ofishin ƙungiyar masu kiwon kifi ta Kalmalo, inda nake akawu. Ya shigo ba sallama, ya zauna a kan teburina, ya ce a rubuta sunansa, shi ne zai kula da kududdufin tarwaɗarmu.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a bakin Bahar Maliya, wajen garin Fotsudan a ƙasar Sudan, yana yi wa wani Balarabe kiwon wata halitta da yake kira gurjin teku. A faɗarsa, abin kamar gurji yake, ba ido, ba ƙashi. Da safe ya nutse cikin yashi, da yamma ya fito ya ci. Haske ne ke saita masa lokaci, amma agogon a jikinsa yake. Ya ce sun taɓa rufe wasu a duro kwana huɗu, ba haske ko kaɗan, duk da haka lokacinsu na yi sai su fito. Na rubuta wannan a littafin taro, kamar yadda nake rubuta komai.

Babu wanda ya tsira daga bakinsa. Masunta da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, cewa yake ba su san ruwa ba. Ni kuwa "Malam Biro" yake ce mini. Shugabanmu, Alhaji Maccido, mutum ne mai kunya, sai ya ba shi aikin.

Tun da aka haƙa kududdufin, bayan Asuba da bayan La'asar ake ba kifi abinci. Lauwali ya ce wannan ƙauyanci ne. Tarwaɗa ta fi ci da duhu, don haka zai kawo mata duhu da rana, ta yi ta ci, ta girma kafin damina. Ranar 10 ga Afrilu, ana tsananin zafi, ya lulluɓe kududdufin da baƙin tamfol. Abincin da ya yi ta zubawa ya ruɓe a ƙasa, ruwa ya yi zafi kamar na wanka. Ranar Alhamis, 12 ga wata, da aka yaye, kifi dubu biyu da ɗari uku ne suka taso ciki a sama.

A taron da aka kira, ya miƙe ya ce maƙiya ne suka zuba guba.

Alhaji Maccido ya ce, "Malam akawu, mi aka da shi a rubuce?"

Na buɗe shafin 9 ga Janairu, na karanta maganar duro.

"Lauwali," in ji Alhaji, "kai da bakinka ka ce duhu bai ruɗe gurjinka ba. Mi ya sa ka zaci zai ruɗe tarwaɗarmu?"

"Alhaji, wancan na teku ne!"

"To mu na tabki muka ba ka."

Wani tsohon masunci, Baba Idi, ya ce daga baya, "Abin da ba shi da ido ma ya san lokaci. Kai da ido biyu ba ka san Afrilu ba?"

Lauwali ya juyo kaina. "Malam Biro, kai ka kashe ni."

Na ce ban ƙara ko harafi ba.

Aka kaɗa ƙuri'ar sallamarsa daga aikin, sha bakwai da ɗaya, ɗayar ma tasa ce. Ya bar tamfol ɗin a nan, bai ba kowa haƙuri ba.

Yanzu yana Birnin Ƙonni, yana sayar da ƙanƙara a bakin tasha. Ba ya gaishe ni idan mun haɗu. An sake zuba kifi a kududdufin, ana ba su abinci bayan Asuba da bayan La'asar.