Aya Ɗaya a Bencin Asibiti

Tana zaune a bakin ɗakin marasa lafiya, ina jin maigidanta ne a ciki. Ɗankwalinta ya zame, ƙafafunta sun kumbura, ga kular abinci a gefe ko buɗewa ba a yi ba. Littafi Mai Tsarki na kan cinyarta, bangonsa ya sha ɗinki. Tana bin aya da yatsa, gyangyaɗi ya kwashe ta, ta farka, ta koma farkon ayar.

Wata nas ta tsaya a kanta. "Mama, ki rufe ki ɗan huta mana."

Ta girgiza kai. "'Yata, a da doguwar addu'a nake yi, har ina tsara wa Ubangiji yadda zai yi. Yanzu 'Yesu' kawai nake iya cewa. Ya san sauran."