Warkin da Barau Ya Jeme wa Ɗan Farinsa

A wani ƙauye da ke gefen hanyar Gumel zuwa Maigatari an yi wani mutum ana ce masa Barau, manomi da damina, majemi da rani. Ba wani sananne ba ne. In ka hangi dogon mutum baƙi yana tafiya a hankali kamar mai tsoron ya tashi ƙasa daga barci, da warki ɗaure a ƙugu, to shi ne. Tun kafin Turawa su zo su ja iyaka ta bayan Maigatari, su ce nan na Ingilishi can na Faransa, da warki aka san shi, da shi kuma ya tsufa.

Warki dai fatar akuya ce kawai, a jeme ta ta yi laushi, a ɗaura a ƙugu ta sauka har gwiwa. Amma je ka ce "kawai" a gaban Barau ka ga kallon da zai yi maka! Da shi yake noma, da shi yake hawa kuka ya yanko ganye, a kansa yake zama in ƙasa ta ɗau zafi. Ƙarangiya ba ta kama shi, ƙaya ba ta huda shi, in ruwa ya dake shi a shafa masa man shanu ya dawo daidai. Lokacin salla ya yafa gwado a kafaɗa ya tsaya. Riga kuwa guda ɗaya gare shi, ta saƙi, ba ta ganin rana sai Juma'a da Sallah da ɗaurin aure. In ya sa ta sai ya yi ta tafiya a takure kamar baƙo, yana Allah-Allah a shafa fatiha ya koma gida ya tuɓe.

Wurin jimarsa yana bayan gida, ƙarƙashin wata bishiyar marke, tukwane jere cike da ruwan bagaruwa. Mutum ne mai mafarki ido biyu. Da rana tsaka, hannunsa cikin tukunya, kawalwalniya na rawa a kan gonaki, sai ya ga mutane sun fito daga cikinta. Ubansa ne a gaba, kakansa na biye, sai waɗansu da bai taɓa sani ba amma ya san nasa ne, kowa da garma a kafaɗa, warki na dukan cinyoyinsu fat, fat, fat. Ba sa magana, ba sa waiwaye. Sai su ratsa gonar har su narke cikin hasken. Kullum kuma a ƙarshen layin akwai gurbin mutum ɗaya, kuma Barau ya san na wane ne.

Na Ya'u ne, ɗansa na fari. A gidansu haka aka gada: in yaro ya isa a yanka masa gayauna, 'yar gonarsa ta kansa, uban ne zai jeme masa warki da hannunsa. Wanda ya ɗaura ya zama na ƙasar nan ke nan. To amma Ya'u ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninsu. Barau bai taɓa kiran sunansa ba tun da aka raɗa shi. "Wancan" yake cewa, ko "yaron nan". Ba sa cin tuwo kwano ɗaya, ba sa haɗa ido. Ga so kamar ya kashe shi, ga baki a ɗinke.

Shekarar da aka yi babbar yunwa, Ya'u ya bi samari cin rani Kano, inda jirgin ƙasa ya iso ana ta dakon gyaɗa. Ya dawo da damina da wandon yadin akoko da taguwa. Da su ya shiga gona, wallahi! Barau ya tsaya daga nesa yana kallon ƙarangiya ta yi wa wandon dafifi, uwar yaron, Zinariya, ta wuni tana cire ta ɗaya-ɗaya. Kafin ka ce me, samarin ƙauyen duk sun koma yadi, warki ya zama na tsofaffi. Kowace shekara kuma Ya'u yakan ƙara daɗewa a can, ya rage kwanakinsa a nan. Tsoro ya shiga Barau, tsoro na gaske, cewa wata damina za ta sauka yaron bai dawo ba.

Sai ya tafi rugar abokinsa Sajo, Bafillacen da ke kiwo yamma da su. An yi suna a rugar, an yanka wani jan taure, an feɗe shi ba tare da wuƙa ta taɓa fatar ko sau ɗaya ba. Sajo ya miƙa masa ita yana dariya.

"Malam Barau, wannan ta sarki ce ko ta amarya?"

"Ta wancan ce," in ji Barau.

Sajo ya daina dariya.

Barau bai taɓa yin jima irin wannan ba. Ya jiƙa, ya kankare, ya mayar cikin bagaruwa, ya fitar ya murza, ya shanya a inuwa don kada rana ta ƙona ta. Damina ta zo ta same shi yana shafa mata mai. Ya yanke ta da tsawo, yadda in mutum ya durƙusa yin shuka za ta kare masa gwiwa, ya bar bayan da faɗi don zama. Ko ɗigon ado bai sa mata ba. In ya shimfiɗa ta a cinya yakan ji kamar tana numfashi, sai ya yi ta ganin Ya'u a cikinta, ya sunkuya tsakanin kunyoyi, gero ya fi shi tsawo.

Da kaka ta yi, aka fara zancen komawa cin rani, ya kira ƙanwarsa Larai, goggon yaron. Ya miƙa mata warkin a naɗe.

"Ki kai wa wancan."

"Yaya, in ce masa me?"

Barau ya dubi ƙasa, ya dubi marke. "Ki ce masa... ki kai masa dai."

Kayya, Barau! Magana ɗaya ce fa: zauna, ga gonarka. Ita ce ta gagare shi. Shi a ganinsa fatar ta isa ta faɗi komai, tun da shi ma haka ubansa ya yi masa.

Larai ta dawo fuska cike da fara'a. Ta ce yaron ya rungume warkin, ya shinshina, ya ce ko a Kano bai ga fata irinta ba, har idonsa ya kawo ruwa. Ranar nan Barau bai san inda zai sa kansa ba don daɗi. Ya ɗauki gatari ya nufi gabas da wata tsamiya, inda ya daɗe da zaɓa wa yaron gayauna, ya kama sassabe shi kaɗai, yana 'yar waƙa a ciki-ciki. Da aka ce masa Ya'u ya tafi kasuwar Maigatari da warkin a hammata, sai ya ce a ransa zumuɗi ne, zai nuna wa abokai.

Ranar kalankuwa, wasan da samari ke yi in an gama girbi, makaɗa suka zo daga Sule Tankarkar, 'yan rawa har daga Gagarawa. Bayan la'asar Barau ya taso daga sassabe da ƙura a ƙafa, ya tsaya can bayan taro. Ganga ta ɗauka, fili ya buɗe, wani saurayi ya faɗo tsakiya, 'yan mata suka rangaɗa guɗa.

Fatar ya fara ganewa kafin ya gane ɗansa. Ya'u ya ɗaura ta a kan farin wando. Dukawan Maigatari sun yi mata aiki: sun rage tsawonta, sun tsattsaga bakin ya zama tuntaye, sun ɗinka jar fata da koriya, sun jera farin wuri, har da 'yan madubai. In ya juya sai rana ta tarwatse a jikinsa. A faɗi gaskiya, ya yi kyau, kyau na ban mamaki, kuma Barau da kansa sai da ƙirjinsa ya cika da alfahari. Amma idon majemi ba ya ƙarya. Ya ga hujin basilla ko'ina, inda ruwa zai shiga. Ya ga tuntayen da kowace ƙaya za ta riƙe. Wannan ba zai taɓa shiga gona ba har abada.

Kafin magariba aka tashi. Ya'u ya ratso mutane, ya kwance warkin, ya naɗe shi a kan hannuwansa biyu kamar jariri, ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da uban, kansa a ƙasa.

"Baba, na gode. Allah ya ƙara girma. Yau duk filin nan ba wanda ya kai ni."

"Madalla," in ji Barau.

"Wallahi ko ƙasa ba zan bari ta taɓa shi ba. In kasuwa ta zagayo zan bi masu jakuna Kano, a akwati zan sa shi, ba zai fito ba sai ranar wasa. In Allah ya ba ni ɗa, in nuna masa abin da mutanen da can suke ɗaurawa."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, Allah ya sani, yana jin ya girmama ubansa iyakar girmamawa. Barau ya sa masa albarka. Ya'u ya tashi ya koma cikin abokansa.

Sai Barau ya sunkuyar da kai ya dubi jikinsa, tsohon warki ya yi baƙi don gumi, gwiwoyi furu-furu. Mutanen da can. Ga shi nan tsaye da ransa, da gatari a hannu. A karo na farko tun da uwarsa ta haife shi, ya ji kamar tsirara yake a tsakiyar jama'a. Bai bi hanyar da kowa ke bi ba. Ya zagaya ta bayan rumbuna ya shiga gida, don kada kowa ya gan shi.