Trajanka da Makon Gasa Tattasai

Duk faɗin Makedoniya ta Arewa babu mai saurin yatsun taubashiyata Trajanka. Tun tana yarinya, in tana zura ganyen taba a zare, allura har ja take yi don zafi. Kasuwar taba ta mutu, samari suka kwashe zuwa Jamus, garinmu ya rage daga tsofaffi sai karnuka. Kwatsam sai ga Jamusawan da kansu sun zo sun kafa masana'antar haɗa wayoyin mota a bayan gari. Trajanka ta shiga, ta yi ta yi har ta zama shugabar layin mata masu haɗa waya. Yanzu ko a talabijin ta ga mota ta kunna fitila, sai ta daki ƙirji ta ce, "Aikina ne."

Wata rana da kaka manaja Ulrich ya kira ta, ya ce akwai kayan da dole su fita ranar Asabar, in ba haka ba masu kamfani za su mayar da aikin wata ƙasa. To, makon nan ne na ajvar, wato miyar gasasshen tattasai, lokacin da kowane gida ke gasa tattasai, a ɓare, a wuni ana tuƙawa, a ɗura a kwalabe don hunturu. Matar da aka gani tana sayen na kanti kuwa, gara ta bar gari.

Washegari rabin layi suka kwanta ciwo. Trajanka ta bi su gida-gida. Ta tarar da tsohuwa Vaska a gindin murhu.

"Sannu da jiki, Gwaggo. Ciwon bayan ne ya ɗora miki wannan tukunya?"

"Ke 'yar nan, likita ne ya ce in riƙa jin ɗumi."

"To ji nan. In kayan nan ba su fita ba, baɗi ɗanki ma Jamus zai tafi. Wa zai ci ajvar ɗin?"

Trajanka ta kawo shawara: a kwaso mazaje da surukai, a kafa babbar tukunya guda a filin bayan katangar masana'anta, su tuƙa, mata su koma aiki.

"Tukunya guda?" Vaska ta riƙe haɓa. "In haɗa tattasaina da na Ljubica, matar da ke zuba gauta kamar za ta ciyar da awaki? Gara kamfanin ya tafi!"

Dole aka bar kowane gida ya kafa murhunsa a filin. Hayaƙi ya tashi har matuƙan jirgin sama suka riƙa atishawa. Manaja ya leƙo, ya tabbatar wutar na nesa da katanga, ya ga layi cike, ya koma ofis. Lokacin hutu matan sai su yi cincirindo a taga, kowace tana yi wa mijinta ihu.

"Kai Blagoja, tuƙa har ƙasa! Hannu ne da kai ko ɗanyen kifi?"

"Ke ji da wayarki, uwar iyawa!"

Blagojan nan mijin Trajanka ne, mutumin da ko ruwa ya dafa sai ya kama. Ranar Juma'a ta jiyo ƙauri, ta san na tukunyarta ne. Ta dubi taga, ta dubi layi, ta cije leɓe ta ci gaba da murɗa waya. Tattasan shekara guda ya zama gawayi.

Asabar da hantsi motar kaya ta fita, aiki ya zauna a garinmu. Da yamma Vaska ta aje wa Trajanka kwalbar ajvar a ƙofa, Ljubica ta aje tata, sauran suka biyo baya. Surukar Trajanka ta ɗanɗana kowace, ta kushe kowace, ta kulle su a ɗakin ajiya ta rataya makullin a wuya.