Ruwan da Ƙanwata Take Ɗebowa

Da ciwon sikila aka haifi ƙanwata. A gida ba ma kiransa da wannan suna, sai dai Inna ta ce, "Ƙasusuwan sun tashi." In suka tashi kuwa ba mai sukuni a gidan. A asibitin Wara an sha gaya mana kada a bari sanyi ya kama ta, kada ta daɗe cikin ruwa. Mu kuma a bakin tafkin Kainji muke zaune. Ni ce babba, ni nake shiga ruwa in yi wanki, ita ta zauna kan dutse tana cika ni da surutu.

Tana shekara goma sha biyu abin ya faru. Rani ne, ruwa ya ja baya, masu albasa sun bi shi da shuka. A irin wannan lokaci ne busasshiyar tsamiyar tsohon garinmu, wanda tafkin ya cinye tun ba a haife mu ba, take fitowa fili. Ina cikin wanki na ji surutun ya ɗauke. Da na waiwaya sai na gan ta durƙushe.

"Yaya, ba ki ganin ta?"

Ni dai balbela na gani kan reshe. Ita kuwa ta ce wata mace ce tsaye saman ruwa gindin tsamiyar, da farin mayafi, ta ce mata kada ta ji tsoro, ta riƙa addu'a. Iyakar maganar ke nan. Mu 'yan Katolika ne, saboda haka da muka koma gida Inna ba ta tambayi ko wace ce ba, sai ta fashe da kuka ta ce Budurwa Mai Tsarki ce. Har yau ban ce ƙanwata ta yi ƙarya ba. Yarinyar da ko tsokar kifi ta sata sai ta tona kanta.

Wata Bafulatana da ke kawo mana nono ce ta fara roƙo. Ɗanta na fama da zazzaɓi, ta ce a bar yarinyar ta ɗebo mata ruwan wurin. Baba ya sa ƙanwata a kwalekwale, ta miƙa hannu ta cika kwalba. Yaron ya warke. An kuma yi masa allura a wannan makon, amma wa zai tsaya jin wannan?

Kafin damina mutane sun fara sauka a gaɓarmu daga Shanga da Yelwa da tsibirai, kowa da jarkarsa. Kirista da Musulmi da masu gargajiya, ciwo bai bar kowa ba. Sai doka ta tsiro, ban san bakin da ya haife ta ba: ruwan ba ya aiki sai ita ta ɗebo da hannunta. Daga baya aka ƙara cewa na cikin kwalekwale bai kai ba, sai ta sauka ta tsaya gindin tsamiyar, inda matar ta tsaya mata. Ruwan wurin yana kai mata ƙirji.

Fada, limamin Katolika, ya zo daga Yelwa ya zauna da ita, ya saurare ta a natse. Ya ce wa Baba kada a yi gaggawa, kuma a fitar da yarinyar daga ruwa. Baba ya ce to. Washegari wani tsoho ya iso goye da matarsa, Baba ya dubi ƙasa, ya je ya kwance kwalekwale.

Duk ranar da ta shiga, da yamma sai ƙasusuwan su tashi. Ni nake gasa mata gwiwoyi da tsumma mai ɗumi tana cizon zane. Matan unguwa su ce wahalar masu ciwo ce take ɗauka. Wannan magana tana ƙona mini rai har gobe. Ran nan na tare Baba a ƙofar gida na ce kashe ta za a yi.

"Ke, rufe mini baki," in ji shi. "Mutum ya taho tun daga ƙetare da ciwo nai, mi kika so in ce mai?"

Idonsa cike da hawaye ya faɗi haka. Ba mugu ba ne Baba. Kunyar baƙo ce ta fi ƙarfinsa.

Na tambaye ta ita kanta ko matar da ta gani ce ta ce mata ta shiga ruwa.

"A'a, Yaya. Ba ta taɓa yi min zancen ruwa ba. Amma in sunka zo suna kallona, ƙaƙa zan yi?"

Da jikin ya ƙi, matan cocinmu suka sa mu cikin motar masu ziyarar ibada zuwa wani wurin neman waraka can kudu, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa gindin dutse. Tafiyar ta wahalar da ita, a cinyata ta yi ta. Muka tarar da marasa lafiya jere cikin layi, ana kwara wa kowa ruwan daga ka har ƙafa. Ta ja hannuna ta ce, "Yaya, nan ma ruwa?" Muka yi dariya har wata mata ta harare mu. Da layi ya zo kanmu na ce ba za a kwara mata ba. Na jiƙa tafina, na jira ya yi ɗumi, na shafa mata a goshi.

Abin da ya fi yi mata daɗi a can shi ne ba wanda ya san ta. Ta zauna cikin taro da carbinta, ta yi waƙa, ta ci gyaɗa, ta yi barci. Ta roƙe ni mu ƙara kwana, amma mota ba ta jiran kowa.

Ba ta kai girbin gero ba. A asibitin Wara ta cika, da hantsi, hannunta cikin na Inna.

Washegarin binne ta muna zaune a tsakar gida sai ga wata mata ta yi sallama, goye da yaro wanda wuyansa ba ya tsayawa, riƙe da jarka. Daga wani tsibiri ta fito, labari bai kai mata ba. Na miƙe, na buɗe baki zan sauke mata duk abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Inna ta riƙe mini zane. Ta dubi yaron, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta karɓi jarkar.

"Ɗiyata ba ta nan," in ji ta. "Amma ni na haife ta. Taho mu tahi."

Baba ya tuƙa su, ni na tsaya a gaɓa. Ina kallo Inna ta sauka gindin tsamiyar, ruwa ya kai mata ƙugu. Ta cika jarkar ta miƙa. Amma ba ta hau ba. Ta tsaya a wurin, ta rungume kafaɗunta, ta ɗago ta dubi Baba. Iska ta kawo mini muryarta.

"Ashe haka yake da sanyi?"