Tagar Bayan Tirelar Yaya

Duk wanda ya ga hotunanmu cewa yake hutu muka tafi. 'Yan gidanmu a Kaduna har da wai na samu duniya, ina yawo a gida mai taya. Ba haka ba ne. Wata huɗu na yi a cikin tirelar nan, irin mai gado da kicin da banɗaki wadda ake ja da mota, kuma ba mu taɓa yin nisan kirki daga Washington ba.

Yayana injiniya ne. Bayan rasuwar matarsa, da nake ce wa Anti, ya kulle gidansu na Germantown ya sayi tirelar, wai a ciki zai riƙa aikinsa da kwamfuta. Ni aka ce in bi shi kada ya zauna shi kaɗai, tunda ba na komai.

Zaman ba wuya. A cika tankin ruwa, a jona wuta, a ɗaure tukwane kafin a tashi. Wuraren da ake sauka duk cikin itatuwa suke, tsit da rana tsaka. Tsofaffin Turawa na zaune a kujera, su ɗaga maka hannu, ba magana. Sati biyu, mu kwashe mu koma wani.

Fakin ɗin tirelar ne ya fara ci min rai. Ni ke tsayawa a baya ina ba shi hannu.

"Yaya, ta zauna fa."

"Saura kaɗan."

"Kaɗan ɗin me? Rabin awa muna gaba muna baya, Turawan can sun samu abin kallo."

"Ke dai akwai baki. Matsa."

Na ɗauka alƙibla yake nema. Amma duk inda muka sauka, in na duba waya, gabas daban: yau wajen firij, gobe wajen banɗaki. Ashe 'yar tagar bayan da ke saman gadonsa yake saitawa, nan yake zama bayan la'asar yana kallon itatuwa.

Sai sallamar. Ko yana ganina a waje ina shanya, zai yi sallama a bakin ƙofa, ya dakata, ya gyaɗa kai, sannan ya shiga. Wata rana kusa da garin Bowie, yana can wajen mota, na shiga ɗauko sabulu na tarar da ƙamshin turaren wutar Anti ya cika ciki. Ba mu da kasko. Saboda gas ko ashana ba a barina in ƙyasta. Na fito da baya, ban ɗauki sabulun ba.

Ranar na buɗe taswira a waya, na ɗiga alama a duk inda muka kwana. Da'ira ce. A tsakiyarta maƙabartar da aka sa Anti. Can yake saita tagar ta fuskanta.

Ban iya ɓoye-ɓoye ba. Na same shi yana duba taya.

"Yaya, tun ranar jana'iza ka koma wurin?"

"Wane wuri?"

"Kada ka raina min hankali. Wata huɗu muna kewaya ta."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ta son a yi nisa."

Ba ta so. Kamar tana ciki tana jiran ya gama.

Na tsorata, amma haushi ya fi tsoron yawa. Mutum da ransa da lafiyarsa, ya daina ɗaga wayar Mama, ya daina zuwa Juma'a, yana ramewa a gabana, ni kuma ina ba shi hannu. Ya ce gobe za mu matsa wajen Springfield, in ɗaure kaya.

Ban ɗaure ko cokali ba. Na zare ƙarfen da ke kama tirela da mota na jefa a jakata. Na ƙudurta ba inda za ta sake motsawa sai ya ɗauke ni a mota zalla mun je maƙabartar. Ni a bakin ƙofa zan tsaya. Shi ya shiga, ya ga ƙasar da idonsa, ya yi mata addu'a.