Keken Ɗinkin Da Ba Nawa Ba

Shekarar da Allah ya nufe ni da zuwa Makka, na yi abin da maniyyata suka saba: kafin tafiya mutum ya zaga dangi da maƙwabta yana neman yafiya. Na je Bulkachuwa wurin ƙannena, na je Gamawa gidan surukaina, na bi teloli 'yan'uwana na kasuwar Azare rumfa-rumfa. Magana ɗaya nake maimaitawa: in na yi maka laifi da sani ko ba da sani ba, ka yafe mini. Kowa ya ce ya yafe, a yi dariya, a ba ni saƙon addu'a. Maganar tana da sauƙin faɗi, domin ba ta sa ka ambaci abin da ka yi.

Ni kuwa akwai abin da na yi. Ina saurayi, kafin yaƙin basasa, rumfarmu ɗaya da wani tela mutumin kudu. Yana da keken ɗinki, ni ba ni da shi, sai ya riƙa bar mini nasa idan ya tafi cin abinci. Ranar da gari ya rikice aka fara farautar mutanensu, ya zo ƙofar gidanmu da hantsi ya kira sunana sau uku. Ina tsaye a bayan ƙyaure ina jin hakinsa. Ban buɗe ba. Bayan kwana biyu na je rumfa na ɗauke keken, na ce wa kaina ajiya zan yi masa. Da wannan keken na yi aure, da shi na ciyar da 'ya'ya tara. Ko uwarsu ba ta san asalinsa ba.

Saura mako biyu mu tashi, na biya shagon wani mai sayar da rediyo da talabijin. Shi ma mutumin kudu ne, ya daɗe a Azare har Hausarsa ta fi ta wasu jikokina.

"Alhajin gobe!" in ji shi. "Yafiya ka zo nema ko ragi?"

"Duka biyu, Oga."

"Ragi babu. Yafiya kuwa kyauta ce, ɗebi son ranka."

Ya ba ni benci. Bayan azahar ce, kasuwa ta yi sanyi, janareta na ƙara a waje, shi kuma idonsa na kan talabijin. Wasu mutane na gani cikin jirgi a tsakiyar taurari, ɗayansu fuskarsa shuɗiya.

"Aljanu kake kallo da rana tsaka?"

"Baba, zauna ka gani. Wannan ya fi ƙarfin aljanu."

Karatuna bai wuce aji huɗu na elementare ba, don haka shi ya riƙa fassara mini. Jirgin ya sauka a wata duniya da aka gama yaƙi. Waɗanda suka yi nasara sun gina wani ɗaki, duk sojan da ya shiga zai fito ya manta abin da hannunsa ya aikata. Kowa ya shiga. Kowace shekara sukan taru a dandali su yafe wa juna, suna murmushi, ba wanda ya san me ake yafewa. Wani tsoho ne kaɗai ya ƙi shiga ɗakin. Shi ne direban motar da ta riƙa kwasar mutanen wani ƙauye zuwa inda aka kashe su. Ranar taron ya miƙe ya fara faɗin abin da ya yi, sawu nawa ya yi, wa ya roƙe shi ya tsaya. Murmushi ya ɗauke. Wasu suka toshe kunne, wata mata ta jefe shi da takalmi, bai daina ba.

Ban san lokacin da na fara magana ba. Na faɗa wa mai shago komai, har sau ukun da aka kira sunana. Na ce ya yafe mini.

Ya kashe talabijin.

"Malam, ni ba shi ba ne. Don mun fito yanki ɗaya, ba zan yafe abin da ba ni aka yi wa ba." Ya jawo takarda. "Ka tuna sunansa? Garinsu fa?"

Na tuna duka. Ya ce suna taron 'yan yankinsu ran Lahadi, zai sa a cigita, amma kada in sa rai.

Haka na tafi Makka ba amsa, na dawo ba amsa. Sai bayan damina mai shagon ya zo rumfata da kansa, wayar salula a hannu. An sami ƙanwar mutumin, ta tsufa, tana garinsu. Ya kira ta, shi ya yi mana tafinta. Ta ce yayanta bai taɓa isa gida ba, uwarsu ta rasu tana duban hanya. Ta tambaye ni ko yana da rauni a jikinsa ranar, ko da takalmi a ƙafarsa. Na ce ban sani ba, ban buɗe ƙofar ba. Na ji kukanta ba sai an fassara mini ba.

Da ta natsu ta ce ba ta son keken. Ta ce ko ba komai yau ta san ranar da zai dace ta riƙa tunawa da shi, ta san ya nemi tsira wurin wanda ya ɗauka aboki. Nata kason ta yafe. Na uwarsu kuwa, ta ce, ba a hannunta yake ba.

Na gode mata. Na gode wa mai shagon da ya ƙi ba ni yafiyar arha, da waɗanda suka shirya wasan nan, ban san su ba, ban san ƙasarsu ba. Na gode wa Allah da ya ja kwanana har na faɗa da bakina. Ragowar haƙƙin yana wuyana, kuma 'ya'yana tara duk na zaunar da su na gaya musu sunan mutumin da ya ciyar da su.