Magaji Mai Ɗorin Takarda

Duk wanda ya taɓa faɗowa daga babur tsakanin Jega da Maiyama ya san Magaji mai ɗori, ko dai ya san ihun da ke fitowa daga zaurensa a Aliero. Shekara arba'in yana haɗa ƙashi. Ya ɗora mutane, ya ɗora jakuna, har ƙafar kujerar wani hedimasta ya taɓa ɗaurewa da kara, ya hana a zauna mata sati shida. A wurin Magaji ciwon duniya uku ne: karaya, targaɗe da gocewar ƙashi. Sauran duk shagwaɓa ce.

To, sai Allah ya kawo masa abin da ba ya cikin ukun nan. Ɗansa Yahaya, mai kai albasa kudu, motarsu ta kife a bayan Jega. Kafin a kira uban, an riga an rufe masa fuska. Ya bar ɗiya guda, Hafsat, 'yar shekara bakwai, mai baki kamar rediyo, wadda kullum take tsokanar kakan cewa ita ba ta auren tsoho mai warin man kaɗanya. Tun ranar jana'iza ta yi gum. Wata biyar, ko "uhm" ba ta ce ba.

Magaji ya lalube ta daga ƙeya har ɗan yatsan ƙafa, sau uku. Ƙashi lafiya lau. Wannan shiru ya fi mutuwar cin ransa, don mutuwa ya san ta Allah ce, amma ga jika tana lalacewa a gabansa, hannunsa bai sami abin kamawa ba.

Wata maƙwabciya ta ce masa akwai nas a Jega, Sista Mabel, da ke tara masu damuwa kowace Talata, manya da yara, ta ba su takarda da fensir mai kala su zana abin da ke ransu.

"Zane?" in ji Magaji. "Wanga wane irin magani ne, ba a sha ba a shafawa?"

Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Ya ɗora yarinya a babur suka tafi.

Hafsat ta zauna a tabarma ta zana mutum: ga kai, ga hannu can gefe bai taɓa kafaɗa ba, ƙafa ta lanƙwashe baya. Magaji ya leƙo.

"Subhanallahi! Karaya da gocewa, kuna zaune kuna kallo!"

Kafin Sista ta waiwayo, ya zari tsinke daga tsintsiyar ɗakin, ya karya daidai, ya jera a ƙafar, ya ciro zare daga bakin rigarsa, ya huda takarda ya ɗaure tam. Ya yi tofi. Ya ce kada a motsa shi sai sati shida.

"Haba, Baba," in ji Sista Mabel, "ba a gyara wa yaro zane. Abin da ke zuciyarta ne yake fitowa."

"Ɗiyata, ni ban taɓa zuciya ba. Ƙafa na taɓa."

Sista ta kai hannu za ta kwance ɗorin, sai ta ga Hafsat ta ƙura wa yatsun kakan ido, ta kuma jawo sabuwar takarda da kanta. Sista ta janye hannunta.

Ai kuwa daga nan abu ya lalace. Akwai wani Jibrin daga Maiyama, wanda albasarsa ta ruɓe a rumbu shekara biyu a jere har barci ya ƙaurace masa; shi ba ya zana komai sai albasa tsagaggiya. Ya turo tasa takardar yana sunkuyar da kai. "Baba, duba min wagga."

"Albasa ba ta da ƙashi, sakarai. Amma kawo."

Ya ɗaure ta. Talata ta gaba Jibrin ya rantse ya yi barci har ya makara sallar asuba. Sai layi! Mai zanen gida da ya rushe, mai tsuntsu ba fiffike, har wata tsohuwa da ta zana ƙishin ruwa, ta ce shi ma a ɗaure. Cikin wata biyu tsintsiya uku ta ƙare, mai shara ta koma ɓoye tata a banɗaki. Benci ya cika da takardu a kwance, mutane na tsaye, don Magaji ya ce ba a tayar da majinyaci saboda mai lafiya.

Ita kuwa Hafsat, kowane mako mutum ɗaya take zanawa, karayar ce kawai ke canza wuri. Yau wuya, wancan mako haƙarƙari. Magaji ya san ko wane ne, don jar hula ce a kansa irin ta Yahaya, amma bai taɓa faɗa ba. Ɗaurewa kawai yake, a hankali, fiye da yadda ya taɓa lallaɓa mai rai. Sau goma sha ɗaya ya ɗora mutumin, yarinya ba ta ce uffan ba.

Ran Talata ta goma sha biyu ta miƙo masa takarda. Mutumin na kwance miƙe, hannu a kafaɗa, ƙafa sambal, ido a rufe. Magaji, tsinke a hannu, ya bi shi gaɓa-gaɓa. Ya juya takardar. Ya ɗaga ta wajen hasken taga. Babu inda zai ɗaure. Ya ɗago kai ya dubi Sista.

"Sista, ban ga wurin ba," ya ce. "Wallahi da sun kira ni da wuri, da na gani."

Sai ƙaramin hannu ya zare tsinken daga yatsunsa. Wata murya ta fito, a dushe, kamar ta wadda ta tashi daga barci.

"Kaka, bar shi hakanan. Ya daina jin zafi."

Magaji ya zauna daɓas a tabarma, ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Yarinyar ce ta riƙa bubbuga masa baya tana cewa ya isa.